Gurbin Yatsan Sifu Kwong

Shekara talatin da ɗoriya Sifu Kwong ya yi yana kwaikwayon aikin wasu, kuma ko sau ɗaya bai ji kunyar hakan ba. A duk tsawon wannan lokaci abu ɗaya tak ya ƙirƙira da kansa, shi ɗin ma yau yana cikin akwatin gilashi an rubuta a ƙarƙashinsa cewa ba a san mai shi ba. Ni na jawo masa, shi ya sa nake da bakin ba da labarin.

Ina da shekara goma sha tara na shigo masana'antar Maigida Pun a Dongguan, wani gari kusa da Hong Kong, a 1991, da jakar leda ɗaya da takalmin yayata. Hannun gem muke yi, irin wanda ake jonawa da talabijin a yi wasa. Aka sa ni a layin gwaji. A miƙo miki hannun, ki danna sama, ƙasa, hagu, dama, ki danna jajayen maɓallai biyu. In fitila ta kama ki jefa a kwandon dama, in ba ta kama ba ki jefa a na hagu. Haka tun safe har yamma. Kafin wata uku babban yatsana ya kumbura ya yi kanta, ko tsinken cin abinci ba na iya riƙewa da kyau.

Duk wanda ya faɗa kwandon hagu ni nake kai wa Sifu Kwong a ɗakinsa na baya, mai warin mai da ƙurar ƙarfe. Sifu laƙabi ne da muke kiran gwanin sana'a da shi, shi kuwa sana'arsa sassaƙa ƙarfen zubi. Tubalan ƙarfe biyu ne ake rarake cikinsu, a haɗe su, a ɗura narkakkiyar roba, in ta huce a buɗe sai hannun gem ya faɗo. Gajere ne, mai ƙaramin wuya, ba ya dariya sai an yi kuskure. Tun yana koyon aiki inji ya datse masa gaɓar farko ta babban yatsan dama, ya bar masa dungu mai faɗin kai. Da wannan dungun yake shafa ƙarfe ya gaya maka inda ya kauce, kafin ma ya ɗauko ma'auni.

Duk bayan 'yan watanni Maigida Pun zai dawo daga Hong Kong da sabon hannun gem na Japan a cikin jakarsa, naɗe da singileti. Ya ajiye a teburin Sifu ya ce, "Tsoho Kwong, sati uku." Sifu zai kwance shi a hankali, ya jera sassan a kan farin ƙyalle, ya yi ta magana da wanda ya ƙera shi kamar yana zaune a gabansa.

"Zo ki gani, A-Lan," ya ce mini wata rana. "Da can sanda ce doguwa, ka kama ta da dunƙulen hannu kana ta juyi kamar mai dama kunun shinkafa. Sai wani ya zauna ya ce me zai hana yatsa ɗaya ya yi aikin? Ya kwantar da sandar ta zama gicciye. Juya shi ki ga bayansa. Kin ga ɗan tsinin nan a tsakiya? Shi ke hana ki danna hagu da dama lokaci ɗaya. Ban san sunan mutumin ba, amma na san shi. Ba ya son surutu, kuma yana cin abinci a kan lokaci."

"Ta ina ka san yana cin abinci a kan lokaci, Sifu?"

"Mai jin yunwa ba ya irin wannan aikin. Koma layinki."

Doka biyu gare shi, kuma duk wanda ya taɓa riƙe masa magagari ya haddace su. Ta farko, abin da ka gani a jikin samfur shi za ka yi, ko ka gane amfaninsa ko ba ka gane ba, domin ba ka san wane ɗan tudu ne yake riƙe da komai ba. Ta biyu, roba tana tsukewa in ta huce. Wanda ya auna hannun gem ya sassaƙa ƙarfe daidai da awon, abin da zai fito masa ya fi na asali ƙanƙanta. Dole ka ƙara kason tsukewa, biyar cikin dubu. Ya kan ce nan ne ake gane mai sana'a da wanda yunwa ta koro daga ƙauye.

Matsalarsa ɗaya, dungun yatsan nan ba ya kai wa daga maɓalli zuwa maɓalli sai ya ɗaga shi ya sake saukewa. Mutumin da ke ƙera hannun gem, ga shi ba ya iya gwada abin da ya ƙera yadda ya kamata. Abin yana ci masa rai. Sai a wata bazara ya samo ragowar ƙarfe, ya riƙa ɗan taɓawa lokacin hutun cin abincin rana, muna cin shinkafa da kabeji shi yana goga. Ya karkatar da jajayen maɓallan biyu suka kalli juna, ya yi ɗan gurbi a tsakaninsu, daidai kan dungunsa. Yatsa ya kwanta a gurbin, ya mirgina nan, ya mirgina can, ba ɗagawa. Guda ɗaya ya zuba, da farar robar gwaji.

Ya miƙo mini ya ce in danna. Na danna sau ɗari, na danna sau ɗari biyu, yatsana bai yi zafi ba. Don dungu aka yi gurbin, amma ashe kowane yatsa yana son wurin kwanciya. Ban taɓa ganin Sifu yana jiran bakin wani ba sai ran nan. Da na ce masa ya yi, sai ya juya baya yana neman abin da bai ɓata ba.

Ina tsaye ya nuna wa Maigida Pun. Maigida ya juya shi sau biyu ya ajiye.

"Na Japan yana da wannan ramin?"

"Ba shi da shi. Ai shi ya sa na kawo maka."

"To in ba shi da shi, me zan yi da shi? Mai saye so yake ya ga irin wanda ya gani a hoto. Ya ga rami sai ya ce jabu ne."

"Maigida, ai jabun ne."

"Jabun da ya yi kama da na gaske nake sayarwa, ba jabun da ya yi kama da kai ba. Tsoho Kwong, kai fa hannu na ɗauka aiki, ba ƙwaƙwalwa ba."

Da Maigida ya fita, Sifu ya ɗauki farin hannun ya tura mini ta kan tebur. Ya ce, "Riƙe. Ke kaɗai ya yi wa amfani. Ki adana shi."

A lokacin akwai wani A-Fai da ke nemana. A masana'antar da ke ƙetaren kogi yake, shekararsa biyu da fara koyon sassaƙa ƙarfe, yana da baki da gashi mai sheƙi. Ran hutu ya kai ni cin taliya, ni kuma don in nuna masa cewa a wurinmu ma akwai masu kai, na ciro farin hannun daga jaka. Ya danna, ya sake dannawa, taliyarsa ta huce. Ya ce in ara masa kwana uku ya nuna wa abokinsa. Na san doka. Ba a fita da samfur ko ƙofar masana'anta, balle a haye da shi kogi. Kowa a garin nan ya san abin da ake yi da samfur in ya kwana a wani gida. Na sani sarai, amma ina da shekara ashirin da ɗaya kuma ya ce idona yana da kyau.

Kwana uku suka zama sati biyu. Da na matsa masa, sai ya ce ya yanka shi gida huɗu da zarto don ya auna kaurin robar, kuma mai shara ya kwashe gutsattsarin. Ya faɗe shi kamar wanda ya fasa kofin shayi. Na yi kuka, na zage shi, na ce kada ya sake zuwa inda nake. Bayan shekara ɗaya na aure shi. Kada a tambaye ni dalili, ni ma na tambayi kaina har na gaji.

Wata huɗu bayan taliyar nan, hannun gem mai gurbi ya shigo kasuwa. Maigidan su A-Fai ya sa aka buga wasu haruffan Japan a jikin kwalin, ko ma'anarsu bai sani ba, don ya san haka aka fi saye. Aka kuwa saya. Dillalai daga arewa suna kwana a ƙofarsu, ana lodi zuwa ƙasashen da ban taɓa jin sunansu ba. Kowa yana cewa sabon salo ne daga Japan.

Ina ɗakin baya na kawo kwandon hagu, sai ga Maigida Pun ya shigo da guda ɗaya a hannunsa. Ya ajiye a kan farin ƙyalle.

"Tsoho Kwong, sati biyu."

Sifu ya dubi abin ya daɗe. Ya sa dungunsa a gurbin. Ni kuwa na tsaya da kwandon a hannu.

"Maigida, wannan nawa ne."

"Naka? In naka ne me ya sa na je kasuwa na saye shi?"

"Na nuna maka shi a ɗakin nan. Ka ce mai saye zai ce jabu ne."

"Ka nuna mini wani rami da ka haƙa don yatsanka. Wannan kuwa dubi kwalin. Mutanen can ba sa yin abu sai da dalili."

Sifu ya ɗauko ma'auni ya gwada faɗin gurbin, ya gwada tsawon hannun gaba ɗaya, ya ja tsaki. "Ko kason tsukewa bai ƙara ba. Wani jaki ne ya auna roba ya sassaƙa ƙarfe daidai da ita. Kuma ya cinye tudun ƙarfen da ke fitar da gurbin wajen guga. Ina da ƙarfen asali a ƙarƙashin tebur, bari in zuba maka na gaskiya."

"Kada ka soma. Wannan ake saye, wannan nake so. Ba kai ke cewa abin da ka gani shi za ka yi ba?"

Da dokarsa aka ɗaure shi. Sati biyu ya yi yana kwaikwayon kuskuren da aka yi wajen kwaikwayonsa, kuma ya fitar da shi daidai, ko gashi bai kauce ba, domin bai iya aikin banza ba ko da ya so. A sati biyun nan bai ci abinci tare da mu ba. Kullum ina jiran ya tambaye ni ina farin hannun da ya ba ni, bai tambaya ba. Da aka ɗaura mana aure da A-Fai ya zo, ya ci agwagwa, ya sha giya kofi ɗaya, ya tafi da wuri.

Shekaru suka yi ta tafiya, jakar Maigida Pun tana ta kawo sababbi. Aka zo da mai maɓallai a kafaɗa, don yatsun nuni su daina zaman banza. Aka zo da mai ƙaho biyu da ke cika tafin hannu. Sandar nan da aka kore ta dawo, amma 'yar ƙarama, daidai kan babban yatsa. Aka zo da mai rawar jiki, Sifu ya buɗe ya tarar da ɗan inji da aka ɗaura wa nauyi a gefe ɗaya, ya yi dariya har da tari, ya ce wannan mutumin ya taɓa hawa keke mai lanƙwasasshiyar ƙafa. Daga baya wayar da ake jonawa da talabijin ma ta ɓace. Kuma in ka lura, manyan kamfanonin ma junansu suke kallo. Wannan ya fito da abu bana, baɗi ka gan shi a jikin na wancan an ɗan sauya masa wuri. Sifu ya kan ce bambancinmu da su, su suna da lauyoyi.

Duk waɗannan ya kwaikwaya, kuma kowanne sai ya tsaya ya yaba wa mai shi. Abin da yake so ke nan a yi masa, ba wani abu ba. Wani a wani ɗaki ya buɗe aikinsa ya ce, wannan mutumin ya yi tunani. Ya sha faɗa a wurin shan shayi cewa gurbin nan nasa ne. Abokansa su ce, "Haka ne, Sifu, gicciyen ma ai kai ka yi, talabijin ɗin ma naka ne." Su ƙara masa shayi.

A 2009 Maigida Pun ya rufe masana'anta ya koma wurin 'yarsa a ƙasar waje. Sifu yana asibiti ana yi masa aikin ido a satin da masu gwangwan suka zo. Suka kwashe duk ƙarfen da ke ɗakin baya a kan sikeli, har da na ƙarƙashin tebur. Da ya fito ya je ya tarar da ɗakin an share, sai tabon mai a ƙasa. Ni a lokacin na daɗe da barin layin gwaji, ina da ɗan shagon gyaran hannun gem. A-Fai ya rasu shekara huɗu da suka wuce, ya tafi bai taɓa ganin ya yi wani laifi ba. In na tayar da maganar sai ya ce, "Shi ɗin a ina ya samo gicciyensa?"

Bara wata matashiya ta shigo shagona, Malama Fong, mai tabarau da littafin rubutu. Tana haɗa baje kolin tarihin hannun gem a wani ɗakin nuni a Shenzhen, tun daga doguwar sanda har zuwa na yau, har da namu na kwaikwayo, don ta ce su ma tarihi ne. Ta ce akwai guda ɗaya da ya gagare ta. Mai gurbi tsakanin maɓallai. Ta bincika a Japan ba ta samu asalinsa ba, ta bincika a Taiwan ba ta samu ba, haruffan kwalin kuma wai sunan wata miyar kifi ne. Na ce mata na san wanda ya yi shi. Har ga zuciyata na ɗauka dama ce ta zo in wanke kaina ba tare da na faɗi komai ba.

Sifu ya haura saba'in da biyar. Ran da za mu je ya sa farar riga mai maɓalli har wuya, ya aske gemu, ya sa ma'auninsa a aljihu. A jirgin ƙasa sai shafa dungun yake da ɗayan hannun. Ni na lura da abin da shi bai lura ba. Ciwon gaɓɓai ya kumbura masa yatsun duka, dungun ya ƙara faɗi ya karkace.

Malama Fong ta tarbe mu da girmamawa, ta ba shi kujera, ta ce, "Kawu Kwong, ka ba ni labarin tun daga farko." Ya ba ta, tsaf, da shekara da wata. Tana ta rubutu. Sannan ta ce ko akwai zane, ko takarda, ko ƙarfen da aka zuba shi.

"Zane yana kaina. Ƙarfe an sayar wa masu gwangwan. Amma ina da abin da ya fi takarda." Ya ɗaga dungun. "A kan wannan aka auna shi. Kawo ki gani."

Ta sa safar hannu ta buɗe akwatin gilashi ta ɗauko. Ja ne, mai sheƙi, daga wata masana'anta da ban ma sani ba. Ina ganinsa na gane. Wannan ba na A-Fai ba ne, ba na Sifu na biyu ba ne. Jikan jikansu ne. Wani ya kwaikwayi na wani, wani ya kwaikwayi nasa, sau bakwai ko takwas, mafi yawansu ba su ƙara kason tsukewa ba. Gurbi a jikin roba kuwa tudu ne a jikin ƙarfe, kuma duk mai guga sai ya ɗan ci tudun don aikinsa ya yi ƙyalli. Abin da ya rage ɗan lotsawa ne kawai, kamar inda aka danna ƙullin fulawa ya taso.

Sifu ya ɗora dungunsa. Ya zauna a sama, bai shiga ba. Ya juya hannun, ya sake gwadawa, ya danna da ƙarfi har farcen ɗayan yatsan ya yi fari. Ya ciro ma'auni, ya auna, ya faɗi lambar a hankali, ya faɗi lambar da ya kamata ta zama. Malama Fong ta rubuta duka biyun, amma na ga fuskarta. Fuskar mai tausayin tsoho ce.

"Sun lalata shi," ya ce. "Ba komai. A-Lan, na asalin yana wurinki. Fari, na robar gwaji. Gobe ki kawo mata, ta ga yadda yake shiga."

Shekara talatin ina shirya amsar wannan tambaya.

"Babu shi, Sifu."

"Kin sa a wani akwati kin manta. Ki duba."

"Babu shi tun a lokacin. Na ba A-Fai aro. Shi ya kai ƙetaren kogi."

"Wannan na sani," ya ce, ko kallona bai yi ba. "Guda ɗaya na zuba, mutum ɗaya na ba. Kin ɗauka ni wawa ne? Yarinya ce ke, shi kuma yana da gashi. Na ce ki kawo wanda ya dawo miki da shi."

"Bai dawo da shi ba. Ya yanka shi gida huɗu don ya auna kauri. An zubar."

Ashe duk shekarun nan da bai tambaye ni ba, ba mantawa ya yi ba, kuma ba fushi ba ne. Ya ɗauka abin yana nan a wurina, a naɗe a wani ƙyalle. Da aka sayar da ƙarfensa bai yi ƙorafi da yawa ba, na yi ta mamaki, ashe da wannan ya dogara.

"Ya yanka shi," ya ce. "Ya buɗe cikinsa, ya ga komai. Duk da haka bai ƙara kason tsukewa ba?"

"Bai ƙara ba, Sifu."

"Biyar cikin dubu. Da ya hayo kogi ya tambaye ni, da na gaya masa. Na rantse da na gaya masa. Duk garin nan wa bai ɗauki na wani ba? Amma in za ka ɗauka, ka ɗauka daidai mana."

Na juya wurin Malama Fong na ce ta rubuta ni a matsayin shaida, da sunana da na mijina, ta rubuta cewa ni na fitar da shi. Ta rubuta. Sannan ta ce, cikin ladabi, mutum uku ne suka riga suka zo mata da irin wannan labari, ɗaya ma ya ce mahaifinsa ne ya yi shi a Zhongshan. Ba ta ƙaryata mu ba. Amma ba za ta iya sa suna a kati ba sai da abin da za ta nuna. Abin da za ta iya, ta ƙara layi ɗaya cewa wani tsohon masassaƙin ƙarfe a Dongguan yana cewa nasa ne.

"Yana cewa," Sifu ya maimaita. "A'a, 'yata. Wannan a wurin shan shayi ma ana rubuta mini shi kyauta. Bar katinki yadda yake. Abu ɗaya nake roƙo, ki rubuta cewa wannan awon ba daidai ba ne. Na asalin ya fi shi faɗi, ya fi shi zurfi. Kada wani ya zo ya kalli wannan ya ɗauka haka mai shi ya yi shi."

Ta ce za ta so ta yi, amma ba ta taɓa ganin na asalin ba, ba za ta rubuta awon abin da ba ta gani ba. Ya gyaɗa kai. Dokarsa ce ta farko aka sake karanta masa, ya kuma san haka. Ya mayar da ma'auni aljihu, ya yi mata godiya, muka fito.

A tasha na ce masa ya zage ni ko sau ɗaya ne, in samu sauƙi. Ya ce ba shi da lokaci, jirgi ya kusa tashi. Haushin kaina ya ishe ni, da na A-Fai da ya mutu ya bar ni da wannan, da na Maigida Pun, har da na Sifu kansa da ya kasa buɗe baki shekara talatin ya ce kawo in gani.

Na koma baje kolin ni kaɗai bayan an buɗe. Jan hannun yana nan tsakanin mai gicciye da mai ƙaho biyu, kowannensu da sunan kamfani da shekara. Nasa katin ya ce ba a san wanda ya ƙera shi ba. Wasu samari biyu suka tsaya a gabansa, ɗaya ya ce wa ɗaya ai wannan lotsawar kuskuren inji ce, suka wuce.

Har yanzu ranar Lahadi da safe muna haɗuwa da Sifu a wurin shan shayi. Yana zuba mini, ina ƙwanƙwasa tebur da yatsa biyu in gode. Abokansa sun lura ya daina maganar gurbin, har ɗaya ya tsokane shi ya ce, "Sifu, yau ba za a ba mu labarin ramin ba?" Ya ce wane rami. Makon jiya na kai masa sabon hannun gem da aka kawo mini gyara, irin wanda bai taɓa buɗewa ba, na ajiye masa a gefen kofinsa tare da sukudireba. Da can kafin in zauna ya kwance shi. Ya dube shi, ya ce yana da kyau, ya tura mini abina ta kan tebur.